A Daina Ƙirga Allura, a Ƙirga Maruƙa

Kwanakin baya na ji sanarwa a rediyo cewa an kammala yi wa shanu dubbai barbarar hannu kyauta. Aka gode wa gwamnati, aka gode wa masu tallafi, aka rufe shiri. Babu wanda ya faɗi nawa ne suka ɗauki ciki, babu kuma wanda ya yi alkawarin dawowa bayan wata tara ya faɗa mana maruƙa nawa aka haifa. Abin ya dame ni, domin irin wannan sanarwa ta zama ruwan dare, alhali in ka shiga ruga amsar da za ka ji ɗaya ce: "An yi wa namu, ba ta kama ba."

Ina goyon bayan barbarar hannu, wato a ɗauki maniyyin zaɓaɓɓen bijimi a zuba wa saniya a mahaifa ba tare da an haɗa su ba. Ban ga wata hanya mai araha da mai shanu goma zai shigar da jinin bijimin madara na gaske cikin garkensa ba sai ita. Amma an ɗora kuɗi da hankali a inda bai kamata ba. Ana sayen iri, wato maniyyin da aka daskarar, ana sayen tulun ajiyarsa, ana bikin buɗe cibiya, an bar abin da komai ya rataya a kansa: gane saniyar da ke neman barbara, da isar mai barbara wurinta cikin 'yan awoyi. Shirin da bai fara daga nan ba asara zai jawo wa makiyayi, kuma makiyayin da ya yi asara sau ɗaya da wuya ya sake miƙa saniyarsa.

Buƙatar a fili take. Bunaji ko Bokoloji a kiwon gargajiya abin da ake tatsa bayan maraƙi ya sha bai cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba, kuma jami'an gwamnati da kansu kan ce Najeriya na kashe kimanin dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara. Ilimin ma ba baƙo ba ne. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika ta shafe shekaru da dama tana haɗa Bunaji da Friesian, shanun madara na Turai, Kano na da cibiyar barbara a Kadawa, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Gine-gine da ofisoshi muna da su.

Lissafin da ya kamata kowa ya yi

Ɗauki shanu 100 da suka isa barbara. Kowace tana zagayowa duk kwana 21, wata ta zo a 18, wata ta kai 24. In masu kula da su rabi kawai suka gane, 50 za a yi wa. In hannun mai barbara yana kama 40 cikin 100, to ciki 20 aka samu a wannan zagaye. Yanzu kada a canja iri, kada a canja mai barbara, a gyara ido kawai har a gane 80. Ciki ya zama 32. Ba a ƙara ko sisi a kuɗin iri mai tsada ba.

Kowane kuskure kuma kwana 21 ne na ciyar da saniyar da ba ta ɗauke da komai. Mai son maraƙi duk wata 12 zuwa 13 dole saniyarsa ta ɗauki ciki cikin kwana 80 zuwa 110 bayan haihuwa, tunda cikin kansa yana cin kwana 280 zuwa 290. Cire kwana 45 zuwa 60 na farko da ake barin mahaifa ta koma daidai. Dama biyu ta rage, in an yi sa'a uku.

Awoyi ne kawai

Alamar da ba ta ƙarya ɗaya ce: saniya ta tsaya cak wata ta hau ta, ba ta goce ba. Wadda ta hau ɗin tana iya zama tana gab da nata lokacin, ko kuma wasa take yi. Wadda aka hau ta tsaya, ita ce ake nema.

Sauran alamu masu taimako ne. Yauƙi fari garau kamar farin ɗanyen ƙwai yana zuba daga farji, ya manne a wutsiya ko a cinya. Farjin ya ɗan kumbura, cikinsa ya yi ja. Ta yi ta kuka da kai-kawo, ta rage cin abinci, ta riƙa sunsunar 'yan'uwanta tana ɗora haɓa a bayansu. Gashin gindin wutsiya ya hargitse ko ya goge, laka a kwiɓinta daga ƙafafun wadda ta hau. Nonon safe ya ragu ba dalili. Alama ɗaya daga cikin waɗannan ba ta isa a kira mai barbara ba, amma ta isa a sa mata ido.

Inda wahalar take shi ne shanunmu masu tozo ba sa daɗewa a tsaye. Shanun Turai sukan kai awa 12 zuwa 18 a rubuce, namu sau da yawa ba sa wuce awa 10, wasu ƙasa da haka nesa, kuma mafi yawan hawan tsakanin magariba da asuba yake faruwa. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wata saniyar takan yi nata a ɓoye, ƙwai ya fita babu ko hawa ɗaya. Wanda ya duba garke da hantsi ya sake dubawa da azahar yana iya rantsuwa cewa babu mai nema, alhali ta fara bayan isha ta gama kafin kiran sallar asuba.

Saboda haka dubawa aiki ne mai lokaci, kamar tatsa. Sau uku a rana, minti 20 zuwa 30 kowane: da asuba kafin a fara tatsa, da yamma bayan sun dawo kiwo sun huta, sai kuma da dare da tocila kafin a kwanta. Ba a dubawa lokacin da aka zuba dusa, domin saniya mai cin abinci ba ta hawan kowa. Wadda take ɗaure a turke dare da rana, kamar yadda masu saniya ɗaya ko biyu ke yi a cikin gari, ba ta da yadda za ta nuna komai, sai an kwance ta ta gauraya da wasu ko da na awa ɗaya ne. Daɓen siminti mai santsi ma yana hana hawa, ƙasa ta fi.

Akwai dabara mai arha da ya kamata ta zama al'ada. A shafa alli mai maiƙo ko fenti a kan gindin wutsiya, tsawon tafin hannu. In an wayi gari an ga ya goge, an hau ta da dare. A riƙa sabunta shi duk 'yan kwanaki. In kuma aka ga ɗan jini a wutsiya, lokaci ya riga ya wuce da kwana biyu ko makamancin haka. Jinin nan ba ya nuna ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. A rubuta ranar, a fara sa ido sosai bayan kwana 17 zuwa 18.

Lokacin barbarar kansa yana da dalili. Ƙwan saniya yana fita kimanin awa 10 zuwa 12 bayan ta daina tsayawa, kuma ba ya wuce 'yan awoyi yana da amfani. Maniyyi yana buƙatar wajen awa 6 a cikin mahaifa kafin ya iya shiga ƙwai, ya kuma rayu kimanin kwana ɗaya. Ana so ya riga ƙwan isa ya jira shi. Daga nan aka samo tsohuwar ƙa'idar nan: wadda aka gani a tsaye da asuba a yi mata bayan la'asar, wadda aka gani da magariba a yi mata da sassafe. In ba a san lokacin da ta fara ba, gara a yi da wuri a kan a makara. In washegari har yanzu tana tsayawa, a sake.

Su wa ke ganin duk wannan? Matar da ke tatsa ita ce ta farko da za ta lura nono ya ragu, ita ke ganin yauƙi a wutsiya. Yaron da ke bin garke shi ke ganin hawa. Amma in an kira taron horaswa, maigida ake gayyata a cikin gari a ba shi takarda. A kai horon ruga, da Hausa da Fulatanci, a gaban shanun, a kuma ba matan lambar wayar mai barbara.

"Ai bijimi ya fi kowa gane saniyarsa"

Gaskiya ne, kuma bai kamata a yi musu a kai ba. Hancin bijimi ya fi idon kowane malamin dabbobi, ba ya barci, ba ya jiran babur. Tambayar ita ce wane bijimi. Wanda ke cikin garke ba a san nawa uwarsa ke bayarwa ba, sau da yawa ma shi ke hawan 'ya'yansa da ƙannensa, jini ya yi ta komawa wuri ɗaya. Bijimin da ake yawo da shi daga garke zuwa garke yana ɗaukar cututtukan da ke sa saniya ta yi ta maimaita nema ko ta zubar da ƙaramin ciki. In kuma aka sayo tsantsar Friesian don ya yi aikin, cinsa ya fi na shanu biyu, zafin bazara yana lalata masa maniyyi, kaska na iya kashe shi a damina ɗaya.

Ba sai an kori bijimi ba. Likitan dabbobi na iya yi wa ƙaramin sa aikin yanke hanyar maniyyi, sha'awarsa tana nan, yana nemo mai nema yana hawa, amma ba ya ba da ciki. Shi ne mai nuni. Sannan saniyar da aka yi wa sau uku ba ta ɗauka ba, a duba ta, in lafiyarta ƙalau a ba ta bijimi, kada a ɓata mata shekara.

Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi barbarar hannu da safe a mayar da saniya cikin garken da lafiyayyen bijimi ke yawo. Shi zai hau ta a ranar, ko ya same ta bayan kwana 21 in ta farko ba ta kama ba. A haifi Bunaji fari tas, mai shanu ya ce an cuce shi. A ware ta aƙalla kwana biyu, a kuma sake ware ta daga kwana na 18 zuwa na 24.

"An yi mata, ba ta kama ba"

Wannan ƙorafi na gaskiya ne, kuma kusan kullum ana iya gano inda aka samu tangarɗa in an bi sawu.

A fara da saniyar. In kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, ƙashin ƙugu ya fito, gindin wutsiya ya zama rami, jikinta ya riga ya dakatar da maganar haihuwa. A ma'aunin ƙiba na 1 zuwa 5 ana son ta kai 2.5 zuwa 3. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wata biyu kafin barbara a ƙara mata harawa, dusa, angurya ko ƙuli, da dutsen lasa mai sinadarin fosfaras, a ba ta maganin tsutsa da na hanta. Maraƙin da ke manne da uwarsa dare da rana yana jinkirta mata dawowar nema, musamman a shanu masu tozo. A taƙaita shan zuwa safe da yamma. Karsana kuma nauyi ake dubawa kafin shekaru: sai ta kai kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin babbar saniyar irinta.

Yauƙin da ya fito gurɓatacce, da ɗigon mugunya ko wari, alamar ciwon mahaifa ce, galibi bayan wahalar haihuwa ko mabiyiya ta maƙale. Zuba iri a nan zubarwa ne. Garken da ake yawan ɓari a ƙarshen ciki a gwada shi ko akwai bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, tun kafin a fara komai, domin cutar tana kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa abin ɓari. Irin da za a saya ma dole ya fito daga bijimin da aka gwada, don gurɓataccen maniyyi da aka zuba kai tsaye a mahaifa ya fi bijimi saurin yaɗa ta.

Sai tulu. Iri yana zaune ne cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a cikin siririn bututun roba da ake kira tsinke, mai ɗaukar rubu'i ko rabin mililita. Ruwan nan yana ƙafewa kullum ko an buɗe ko ba a buɗe ba. A auna shi da sanda duk mako, a rubuta, a cika tun bai sauka ƙasa da santimita 10 ba. Tulun da ya bushe dare ɗaya, duk abin da ke ciki ya mutu, kuma sake cika shi ba ya tayar da komai. Tsinken zai fito da kyansa kamar ba abin da ya same shi. Nan ne amana ke shiga, domin mai shanu ba shi da hanyar ganewa. Raɓar ƙanƙara a jikin tulu daga waje alama ce ya lalace, a sauya shi nan take.

Wajen ɗauko tsinke, ba a ɗaga gwangwanin da tsinkayen ke ciki ya wuce layin ƙanƙarar da ke wuyan tulu. Da hantsaki ake ɗauka, ba da yatsa ba, cikin daƙiƙa 5 zuwa 10. In ba a samu wanda ake nema ba a mayar ya sake sanyi. Mai ɗaga gwangwani sama yana karanta sunayen bijimai a rana yana kashe sauran tsinkayen kaɗan-kaɗan, kuma wanda za a yi wa aiki wata mai zuwa shi zai biya.

Narkarwa: ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 a filas, daƙiƙa 30 zuwa 45, da ma'aunin zafi da agogo. Ba a aljihu ba, ba a hammata ba, ba a ruwan da aka gwada da yatsa ba. A goge tsinken tas da takarda, domin ɗigon ruwa yana kashe maniyyi. A sa shi a bindigar barbara, wato siririn ƙarfen da ake zuba iri da shi, a yanke bakin da aka like, a rufe da kuben roba sabo, a kare shi daga rana da ƙura. Daga narkarwa zuwa zubawa kada a wuce minti 10 zuwa 15. Ma'ana a kama saniya a ɗaure ta tukuna kafin a buɗe tulu. Wanda ya narkar da tsinke biyar sannan aka shiga guje-guje da shanu a fili ya gama asara tun kafin ya sa safar hannu.

Sai hannun kansa. Hannu ɗaya yana shiga ta dubura ya riƙe wuyan mahaifa, ɗayan ya shigar da bindiga ta farjin da aka goge, bakinta na kallon sama kaɗan don kada ta faɗa hanyar fitsari. Wuyan mahaifa yana da zobba uku zuwa huɗu, kuma shi ake juyawa a kan bindiga, ba a tura ƙarfe da ƙarfi. Da bakin bindiga ya fita daga zoben ƙarshe, a tsaya, a zuba a hankali cikin kamar daƙiƙa 5. In aka zuba a cikin wuyan, mafi yawa zai dawo waje. In aka zarce cikin reshe ɗaya, ana iya ji mata rauni, ko ƙwan ya fito ta ɗaya reshen. Jini a bakin kube bayan an zare alama ce hannu ya yi nauyi. Wannan ƙwarewa ba ta samuwa a horon mako guda, kuma tana dushewa ga wanda sai bayan wata uku yake taɓa saniya.

Bayan nan aikin bai ƙare ba. A sa ido daga kwana na 18 zuwa 24. In ba ta dawo ba, a tabbatar da ciki da na'urar hoto daga kwana 30, ko da hannun gwani daga kwana 45 zuwa 60. 'Yan kaɗan daga cikin shanu masu ciki sukan nuna alamar nema, kuma shigar musu da bindiga cikin mahaifa na iya zubar da cikin. Littafi da ɗan kunne mai lamba su ke hana wannan.

"To a yi musu allura su zo tare mana"

Wannan ita ce amsar ofis, kuma na san dalilin da ya sa ake son ta: ana tara shanu rana ɗaya, a gama rana ɗaya. Dabarar tana da amfani. Allurar furostagilandin tana kawo saniya cikin kwana 2 zuwa 5, in an yi biyu tsakaninsu kwana 11 yawanci sukan haɗu. Tsarin Ovsynch kuma allura uku ne, ta farko, ta biyu bayan kwana 7, ta uku bayan ƙarin kwana 2, a yi barbara bayan awa 16 ko an ga alama ko ba a gani ba. Ga shanunmu masu shayarwa da suka daina zagayowa, abin da ya fi aiki shi ne na'urar CIDR, wata roba mai sakin sinadari a hankali, da ake sa wa a farji na kwana 7 zuwa 9.

Amma allura ba ta maye gurbin abinci. Furostagilandin ba ya yin komai ga saniyar da ba ta zagayowa. Ga mai ciki kuwa ɓari yake sawa, kuma a garken da bijimi ke yawo shanu da yawa suna da ƙaramin cikin da mai su bai sani ba. Duk wanda ya bi layi yana yi wa shanu wannan allura ba tare da ya duba cikin kowace ɗaya ba, maruƙan mutane yake zubarwa. Mace mai juna biyu da mai ciwon asma ma kada su taɓa maganin, yana shiga ta fata.

Sannan ko an yi komai daidai, rabi ko fiye ba za su ɗauka a karon farko ba. Za su dawo bayan kwana 21, lokacin da tawaga ta riga ta koma birni. Mun dawo kan ido da waya da babur.

In za a yi gangami, a yi shi a Satumba da Oktoba, lokacin da shanu suka ƙoshi da ciyawar damina, don haihuwa ta faɗo tsakanin Yuni da Agusta, ga ciyawa ga ruwa. Gangamin Maris da Afrilu, don kawai a lokacin kuɗi suka fito, ya haɗa yunwa da zafi a kan saniya ɗaya.

"'Ya'yan ba sa jure ƙasarmu"

Ya danganta da yawan jinin waje. 'Yar farko, rabi Bunaji rabi Friesian, in ta samu kulawa tana iya ba da lita 8 zuwa 10 a rana, ta kuma riga uwarta haihuwar fari da shekara ko fiye. Matsala tana farawa in aka ci gaba da zuba Friesian a kan 'ya da jika har jinin ya haura kashi 75 cikin 100. Nan za ka ga saniya tana haki a inuwa, kirci ya cinye bayanta, ciki ya ƙi zama. Ga yawancin masu kiwonmu rabi zuwa kashi biyar cikin takwas ya isa. Burazil, mai zafi irin namu, a kan wannan ma'auni ta gina Girolando, haɗin Holstein, dangin Friesian, da Gir mai tozo. Ga ƙananan karsana irin Jersey, ƙaramin san madara na Turai, ya fi dacewa, domin maraƙinsa ƙarami ne, ba ya maƙalewa wajen haihuwa.

A kuma faɗa wa mutum gaskiya tun farko. Saniyar lita 10 tana son inuwa, ruwa lita 60 zuwa 80 a ranar zafi, harawa ko ciyawa har ta ƙoshi, da kimanin kilo ɗaya na haɗin dusa kan kowace lita 2 zuwa 2.5 da take bayarwa, ga feshin kaska a kan kari. Rabin abin da za a haifa maza ne. Akwai irin da aka tace wanda ke ba da mace kusan 9 cikin 10, sai dai ya fi tsada kuma bai kai na gama-gari kamawa ba, don haka a kan lafiyayyun karsana ya kamata a kashe shi.

Maganar addini

Wasu na ɗari-ɗari saboda hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari, wanda ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba. Tambaya ce mai kyau, bai kamata a yi mata dariya ba. Malaman Malikiyya sun halatta hayar namiji na lokaci sananne ko adadi sananne. A barbarar hannu kuwa abin da ake saya sananne ne a ma'auni, ladan kuma na aikin mai yi ne. Sa hannun mutum a barbara ma ba sabon abu ba ne, mutanen Madina suna yi wa dabino, kuma hadisin Muslim ya nuna an bar su a kan sanin sana'arsu. A kai wa malaman kowane yanki bayanin yadda aikin yake dalla-dalla, su yi wa jama'a magana da bakinsu.

Inda kuɗin ya kamata ya tafi

Mai barbara ya zama ɗan yankin, mai babur, da ƙaramin tulu na tafiya, da waya a buɗe har ranar Juma'a da ranar kasuwa. Shi zai je wurin saniya. Kora ta kilomita goma cikin rana zuwa cibiya yana rage damar ɗaukar ciki. Kowace ruga ta kafa matsatsin katako a inuwa, aikin yini ɗaya ne. A raba ladansa biyu, kaɗan ranar aiki, mafi yawa ranar da aka tabbatar da ciki. Wanda ake biya da yawan tsinke zai zuba wa duk saniyar da aka nuna masa. Wanda ake biya da ciki zai duba ya ce, "Alhaji, wannan a ƙara mata wata guda tana cin harawa tukuna."

Kyauta kuma ba ta ɗorewa. Kenya ta daɗe tana yi wa manoma barbara da tallafin gwamnati, da aka miƙa aikin ga 'yan kasuwa a 1991 yawan masu yi ya faɗi ƙwarai, da yawa suka koma wa bijimi. Indiya ta bi ta ƙungiyoyin madara na ƙauye, inda mai barbara ke zaune kusa da inda ake auna nono kullum. Wannan ya fi kama da abin da zai yi mana aiki: a jingina barbara da cibiyar tattara madara, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga kuɗin nono. Gwamnati ta ɗauki abin da ɗan kasuwa ba zai iya ba, wato samar da naitirojin a kai a kai, gwada ingancin irin da ake shigowa da shi, da horaswa. Kowane shiri kuma ya buga lambobi huɗu: nawa aka yi wa, nawa suka ɗauka, nawa aka haifa, nawa ke raye bayan shekara.

Ba kowa ya kamata a tura wa wannan ba. Wanda ya zauna wuri ɗaya, yana da ruwa, yana tara harawa, yana da mai sayen nono kusa, shi ne na farko. Makiyayin da ke tafiya kudu da rani ya dawo da damina, ba shi rabin Friesian zalunci ne, domin ba za ta iya tafiyar ba, sammore kuma na jiranta a can. Shi abin da zai amfane shi zaɓe ne a cikin namu. A Nijar, tashar Tukunus ta daɗe tana tace shanun Azawak don madara, kuma cikin Bunaji da Bokoloji akwai shanun da ke ninka 'yan'uwansu a ƙwarya, masu su sun san su da suna. A auna nonon irin waɗannan, a ware 'ya'yansu maza, a gwada lafiyarsu, a ɗebi maniyyinsu a daskarar, a kai wa masu tafiya a watannin da suke gida.